Bakin Ɗan Farin Kulu

"To, in kina yi mashi wanka, mi kike ce mashi?" in ji Esther.

Kulu ta dakata da murza ƙuli-ƙulin da ke gabanta. "Mi zan ce mashi, Yaya? In zuba ruwa, in cuɗa, in ɗauraye."

"Shiru kamar ana wanke tukunya?"

"Haba Yaya! Ɗan fari ne fa. So kike a ce ba ni da kunya?"

Wanda ake maganarsa yana zaune a gindin turmi, yana tura murfin kwano a ƙasa kamar mota. Yahuza ya haura shekara biyu da rabi, ga gudu, ga ci, amma ko "Inna" bai taɓa cewa ba. In yana son abu sai ya nuna da yatsa, ya yi gurnani. Sa'o'insa a unguwa har tsiwa sun iya.

A wani ƙauye kusa da Pauwa aka haifi Kulu, a babban gida mai sassa da yawa. Ita ma 'yar fari ce. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, sai dai "ke" ko "waccan", kuma abin bai taɓa damunta ba, don a ɗakin kakarta ta tashi, tsohuwar da ko da kaji hira take yi. A gidansu uwa ta kawar da kai daga ɗan fari, kakanni da gwaggwanni su cika masa kunne da waƙa da tsokana. Haka ta gani, haka ta yi da ta haifi nata.

Yahuza na rarrafe rashin tsaro ya tashi ƙauyen. Surukarta, wadda ke kiran yaron "angona" tana yi masa rawa a cinya, ta bi babban ɗanta zuwa garin Ruwan Godiya. Kulu da mijinta Almu suka kama ɗaki a Kankara. Almu yakan fita da babur tun da sassafe, sai magariba. Esther, mai ɗaya ɗakin, tana yawon rigakafi gida-gida, 'ya'yanta suna makaranta. Gida ya rage daga Kulu sai yaron, sai ƙarar mai a kasko. Kunyar da ta taso da ita ta taho da abarta cikin kaya, masu yi wa yaron surutu kuwa an baro su a baya.

Ba zama ta yi ba. An karɓo rubutu ya sha. An ce a ba shi ƙwai, ta ba shi. Wani lokaci takan saki cokali a bayansa da gangan don ta ga ko yana ji, in ya waiwayo ta ji sanyi a ranta, ta kawar da fuska kada a ga tana dubansa.

"Babanshi ya ce ranar kasuwa zai kai shi wurin wanzami," in ji Kulu, murya ƙasa-ƙasa. "Wai harshen ne a ɗaure, a ɗan yanka ƙasanshi."

"Yaron da ke lashe ludayi har gindi? Ki ce wa Almu ya dakata. Ku kawo shi asibiti a duba kunnen da bakin tukuna, ni ba likita ba ce. Amma Kulu, wa yake ji yana magana a gidan nan? Akuya?"

Kulu ta yi 'yar dariya, ta dubi yaron.

"In na yi, mutane su ce mi?"

"Waɗanne mutane? Duba tsakar gidan nan ki ƙirga mani su."

Esther ta saɓa akwatin allurarta ta fita. Kulu ta kwashe ƙulin ƙarshe daga wuta, ta leƙa zaure, ta dawo ta saki labule, sannan ta durƙusa gaban yaron da moɗa a hannu. Ta buɗe baki, ta rasa ta inda ake farawa. Kamar surukinta ne zaune a gabanta.

"Ruwa," ta ce da ƙyar. "Wanga ruwa ne. Za ka sha?"

Yaron ya saki murfin kwanon. Bai dubi moɗar ba, bakinta ya zuba wa ido.

"Ruwa. Sanyi gare shi. Daga randa na ɗebo." Ta sake duban ƙofa. "Yahuza."

Sunan ya fito mata baƙo, kamar ta ɗauki abin da ba nata ba. Yaron ya miƙo yatsa mai ƙasa ya taɓa leɓenta, ya jira. Ta sake faɗa, ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake taɓawa. Ta yi ta faɗa har ta daina jin nauyinsa, tana share ido da gefen zane.

Ranar, saɓanin yadda ya saba, Almu ya biyo cin abinci da azahar. Ta ajiye masa kwano, ta ce a bar zancen wanzami sai an je asibiti. Ya ɗago ya dube ta, don ba ta saba sa baki a maganar yaron ba. Ya daɗe yana tauna loma, sannan ya ce, "To, Allah Ya sa a dace."

Da ya fita ta auna gyaɗar gobe a roba, ta goya Yahuza, ta ɗora robar a ka, ta nufi injin niƙa.

"Ka ga jaki can. Jaki ne, itace ya ɗauko."

Da ta zo daidai dattawan da ke zaune a bakin masallaci ta yi shiru, ta rusuna ta gaishe su. Tana shan kwana ta gyara goyon.

"Waccan kuma tunkiya ce. Ka ji ta? Mu je, kada layi ya yi tsawo."