Tabarmar da Iya Ta Shimfiɗa wa Malam Iliya

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a ƙarshen watan Mayun 1999, mazan unguwarmu ta Koki duk sun yi cincirindo a ƙofar shagon wani maƙwabcinmu mai talabijin, kowa na fatan kada a ɗauke wuta. Mu kuwa a cikin gida namu bikin daban ne, domin a ranar Gwaggo Sadiya, ƙanwar mahaifina, ta gama idda. Tun da hantsi aka kwaɓa lalle, aka zaunar da ita a gindin bishiyar dalbejiyar tsakar gida, ƙafafunta a ƙunshe, mai kitso na fama da kanta, tela kuma ya aiko da sabon ɗinki. Kakarmu Iya sai kai da kawowa take yi da kaskon turare, tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa, "Yau kowa ya fita daga takura, har ƙasar ma." Shekarata goma a lokacin, an sa ni jan ruwa a rijiya, amma rabin hankalina na wajen ragowar lallen da nake fatan a shafa mini.

Ana cikin haka Malama Rifkatu ta yi sallama. Kirista ce, Bahaushiya daga wani ƙauye can kudancin Kano, tana zaune a Sabon Gari. Da auren Gwaggo ya mutu ta dawo gida, mahaifina ya saya mata keken saƙa don ta rage tunani, shi ne aka samo Malama Rifkatu tana zuwa koya mata. Doguwa ce baƙa, mai wushirya, Hausarta ta fi tamu tsabta, kuma ba ta shiga ɗakin Iya sai ta durƙusa ta gaishe ta. Da aka faɗa mata dalilin lallen, ta yi guɗa ta taya Gwaggo murna. Iya da ba ta iya ganin mace babu aure ta yi shiru, ta ce, "Ke fa 'yar nan, yaushe kika gama taki?" Malama ta yi murmushi ta ce, "Iya, ai mu ba mu da idda." A nan muka ji cewa mijinta ya tafi Ikko neman aiki shekaru da yawa da suka wuce, ya auri wata a can, kotu ta raba su, ita kuma tun daga nan take zaune ita kaɗai. Iya ta riƙe baki, har garwashin kaskonta ya mutu ba ta sani ba.

Damina ta sauka, rayuwar gidanmu ta ci gaba yadda muka saba. Da safe makarantar boko, da azahar Islamiyya, a tsakani kuma akwai kai niƙa, wanke-wanke, tsince shinkafa a faranti, da tare ruwan indararo a bokiti idan hadari ya haɗu. In mun samu sarari sai mu baje a soro mu yi 'yar carafke da tsakuwoyin da kowacce ke ɓoyewa a ramin bango, ko mu fita lungu mu yi gaɗa har a leƙo a kore mu. Amma abin da ya fi komai daɗi a wannan shekarar shi ne bayan la'asar, lokacin da ƙarar keken saƙa ta tsaya, Malama Rifkatu ta zaro wani ɗan littafin Turanci daga jakarta. Bangonsa ya ƙoƙe, da hoton wata mata tsaye a bakin tagar coci. Littafin soyayya ne irin na Kiristoci, ta saye shi a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. Takan karanta shafi a zuci, sannan ta ɗago ta zuba mana shi da Hausa, kai ka ce a lungunmu abin ya faru.

Labarin wata mata ce da mijinta ya watsar da ita, ta koma wani ƙaramin gari tana waƙa a coci, sai wani kafinta da matarsa ta rasu ya fara zuwa gyaran bencinan cocin, gyaran da ba ya ƙarewa. Iya ta kasa faɗin sunan matar, sai ta raɗa mata Bazawarar Turai, sunan kuwa ya bi ta. Iyar da ke cewa ba ta da lokacin tatsuniya da rana, ita ce ke fara jawo kujerarta 'yar tsugunne, carbi a hannu, tana yi wa tsohon mijin Allah wadai. Matar cikin littafin kullum tambayarta ɗaya: ko Allah zai yarda ta sake son wani, alhali wanda ta yi wa alkawarin aure a gaban ikilisiya, wato jama'ar coci, yana raye? Mu yara muna ganin wannan ba abin tambaya ba ne, tunda ga Gwaggo Sadiya nan, manema har sun fara sallama a soro. Sai ga shi wata rana labarin ya tsaya cak. Kafinta ya furta abin da ke ransa, matar ta shiga coci ita kaɗai ta durƙusa, daga nan babu sauran shafi, an yage na ƙarshen tun kafin a sayar da shi. Gidan ya kaure da gardama, Iya na cewa, "To a aurar da ita mana, me ake jira?" Malama Rifkatu dai ta mayar da littafin jaka.

Ashe abin da ke cikin littafin shi ne a ranta. Gwaggo ce ta fara gane haka, ita ta tambaye ta, ni kuma ina gefe ina warware zare na ji amsar. Malama ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu, ita ke gaba da zanensu iri ɗaya, sauran na amsawa ana buga tulu. Ta ce a wajen wasu dattawan ikilisiyarsu, macen da ta sake aure mijinta na farko na raye ta yi laifi, ana iya hana ta cin jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da suke ci tare a coci, a mayar da ita bencin baya, a karɓe waƙar a ba wata. Iyayenta sun rasu, ba ta da ɗa, ba ta da kowa a garin nan. "Sadiya," in ji ta, "cocin nan shi ne uwata, shi ne ubana." Na tuna na ji tausayinta ya kama ni ƙwarai, ko da yake ban gama fahimta ba.

Shi kuwa kafintan namu sunansa Malam Iliya, mai gyaran keken ɗinki da na saƙa, ɗan cocinsu ne, matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu. Gajere ne mai sanƙo, da tsohon babur da sai an tura yake tashi. Sau ɗaya keken Gwaggo ya taɓa lalacewa da gaske, amma daga ranar Malam Iliya ya ɗora wa kansa zuwa duba shi. Tunda namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, sai a cicciɓo keken a kai masa soro, ya zauna a dakali ya ɗiga mai a inda ba ya bukatar mai, Malama na tsaye tana yi masa bayanin ciwon da keken ba shi da shi. Keken nan ya sha mai har zare ya fara fitowa da tabo.

A gidajen cikin birni a wancan zamanin, soro yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani ba tare da an faɗa ba. Wanda ya zo aiki ko saƙo, dakali ya ishe shi. Wanda ya zo zance kuma gida ya yi na'am da shi, shi ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma, a kawo ruwa a kwanon sha an rufe da faifai, a ajiye goro a gefe. Iya na da irin wannan tabarmar, mai ratsin ja da kore, da ta saya musamman saboda maneman Gwaggo. Wata Laraba da aka ji tarin babur a ƙofar gida, sai ta hana a fitar da keken. Ta ɗauki tabarmar da kanta ta shimfiɗa, ta ajiye ruwa da goro, ta dawo ta ce wa Malama, "Tashi, ana sallama da ke." A ganin Iya ta yi abin da kowace uwa za ta yi wa 'yarta, ba ta kawo a ranta cewa a wani wajen abin ba haka yake tafiya ba.

Malam Iliya a cikin Hausawa ya tashi, ya san ma'anar tabarmar sarai. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya cire takalmi ya zauna a kai, ya tanƙwashe ƙafa. Malama Rifkatu ta fito, ta gan shi, ta ga goron, ta ga babu keke. Sai ta juyo da sauri ta faɗa ɗakin Iya, ta kifa kai a gado ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin babba na irin wannan kukan ba, har na tsorata na ɓuya a bayan randa. Ta ɗauki jakarta ta fice ta gabansa ba ta ko dube shi ba, kuma ba ta sake zuwa ba. Mahaifina ya yi wa Iya magana a hankali, ya ce kowa da addininsa, bai kamata a shiga ba. Iya ta ce, "Ni ban taɓa addininta ba, tabarma na shimfiɗa." Amma na san abin ya dame ta, don ta daina jawo kujerarta bayan la'asar, kuma ta naɗe tabarmar ta cusa a bayan gado, har manemin da Gwaggo ta zaɓa, wani malamin makaranta daga Ƙofar Ruwa, a tsohuwar tabarma ya ƙarasa zancensa.

Sai da damina ta yi nisa, an fara cin sabuwar gyaɗa, sannan muka ji sallamarta. Ta rame, amma fuskarta a sake. Ta durƙusa a gaban Iya ta ce tun ranar tabarmar ba ta samu sukuni ba, domin abin da take ɓoye wa kanta ne aka shimfiɗa shi a fili. Ta yi azumi, ta yi addu'a, daga baya ta kai maganar gaban dattawa da ƙafarta. Sun zauna sun yi ta ja, wasu na cewa ita aka yasar, ba ita ta yasar ba, wasu na cewa alkawari alkawari ne. A ƙarshe suka yarda ta yi auren, fasto zai sa albarka a gida ba a coci ba, za ta zauna a bencin baya ba cin jibi na wani lokaci, waƙar kuma za a ba wata. Iya ta ce, "Kuma kin yarda?" Malama ta ce, "Na yarda, Iya. Na gane ko daga bencin baya Allah yana ji." Iya ta ce, "Mu ma ai a sahun baya muke sallah, kuma yana jin mu." Suka kama dariya, ita Malama tana yi tana share hawaye da bakin ɗankwali.

A gindin dalbejiyar nan aka yi mata ƙunshi, kamar yadda aka yi wa Gwaggo. Iya ta ce amaryar da ba ta da uwa ba za ta tafi babu gara ba, ta tara maƙwabta aka kwana biyu ana suyar alkaki da dakan nakiya, mu yara muna lasar turmi. Ranar bikin muka cika ƙaramar bas zuwa Sabon Gari. Iya ta zauna a ƙarƙashin rumfa cikin matan zumunta da carbinta, suna waƙa tana gyaɗa kai, da lokacin sallah ya yi suka ba ta buta suka nuna mata ɗaki. A cikin kayan da muka kai har da tabarmar mai ratsin ja da kore. Daga baya an mayar da Malama cin jibi, amma waƙar ba ta dawo hannunta ba, kuma na san hakan ya yi mata ciwo. A tsakar gidanmu take rera ta ƙasa-ƙasa, keken saƙa na amsa mata.

Yanzu Iya ta daɗe da rasuwa, an rushe soron ƙasa an sa ƙofar ƙarfe, dalbejiyar ma an sare ta an yi ɗakin haya. 'Ya'yana a waya suke zancensu, in na ce musu akwai lokacin da tabarma kaɗai ke faɗin abin da baki ya kasa, sai su ɗauka tatsuniya nake yi. Malama Rifkatu da Malam Iliya sun koma garinsu a shekarun rikici da zama ya yi wuya, kuma ba na jin akwai wata mai ɗauke da irin littafinta da ke shiga lungunmu yau a jawo mata kujera. Ina kewar wannan zaman ƙwarai. Littafin yana wajena, ita ta ba ni da za ta tafi, kuma 'yata ta sha cewa za ta nemo mini cikakkensa in ji yadda Bazawarar Turai ta ƙare. Kullum sai in ce ta bari. Ni na ga ƙarshensa a soronmu.