Kwamfutar Mubita da 'Yan Tsakin Inonge

Maƙwabcinmu Mubita, a nan garin Kabwe, sana'arsa zana wa mutane gidajen da ba su gina ba tukuna. In ya gama zane sai ya bar kwamfuta ta wuni tana fitar da hoton kaɗan-kaɗan, tana huci kamar tsohuwa a kan tudu. Da ta ɗau zafi ya dakatar da aikin, in ta huce ya ci gaba daga inda ta tsaya. Shekara da shekaru haka yake lallaɓa ta, ko matarsa Inonge ba ta samun wannan tarairayar.

Da sanyin Yunin bana, don mu nan a Yuni ake hunturu, kazar Inonge ta mutu, ta bar 'yan tsaki suna ta karkarwa. Inonge ta zuba su a kwali ta tura bayan kwamfutar, inda iska mai ɗumi ke fita. Suka yi luf.

Da hantsi Mubita ya dakatar da aiki, kwali ya kaure da kuka.

Inonge ta leƙo ta dubi mijinta. "Baban Sepo, wa ya kashe wa 'ya'yana murhu?"

"Haba uwargida, injin fa zai ƙone!"

"Kai mai zana benaye, kwali ɗaya ka kasa ɗumamawa?"

Ya danna, aiki ya ci gaba. Da hoton ya kammala, sai ga ta tsaye a kansa.

"Bai yi kyau ba. Sake shi daga farko."

Mubita ya dubi hoton, ba abin da ya same shi. Ya leƙa kwalin, ya yi dariya, ya sake. Ko ɗan tsako ɗaya bai mutu ba.