Kiɗan da ya tashi a tantinmu ranar Arfa

Lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da ɗaya, ina tuƙa motar abinci a wani kamfani mai ciyar da alhazai a Makka. Da za ka tambayi mutanen layinmu a unguwar Utaibiyya, cewa za su yi ba ni da abin faɗa: ba na shan taba, ba na fashin jam'i, ba na ɗaga wa babba murya. Abu ɗaya nake ɓoyewa, kuma shi na kawo wannan shafi yau, ko ƙirjina ya yi sauƙi.

Tun ina sakandare a Kano na kamu da son wasu mawaƙan Turawa su biyar, masu irin kiɗan da ake kira nu metal. Wanda bai taɓa ji ba ya ƙaddara an haɗa ƙarar injin niƙa da ganguna da jita mai kauri, ɗaya yana zuba gambara da gudu, ɗayan yana kurma ihu kamar mota ta taka masa ƙafa. Faifansu na farko da na biyu haka suke tun daga farko har ƙarshe. Ni kuwa a shekarun nan fushi nake da kowa ba gaira ba dalili, sai na ji kamar a madadina suke ihun, na haddace waƙoƙin tsaf alhali rabin Turancin ban gane ba. A faifai na uku suka rage gambarar, gangar ma ta lafa, na ce to, girma ya fara kama su. A na huɗu jitar ta koma can baya, kwamfuta ta karɓe aikin. Na biyar da na shida kam ba a magana: fiyano ne da murya ƙasa ƙasa, irin waƙar da za a lallashi jariri da ita. Na zage su iya zagi, na ce sun watsar da mu da muka so su tun ba su zama kowa ba, na rantse na rabu da su. Amma duk faifan da suka fitar sai na nemo shi.

Wanda ya kawo ni Makka Baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ya haura shekara ashirin a kamfanin. Shi ya tsaya mini wajen kafili, wato mai ɗaukar nauyin ma'aikaci, har aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Ya san halina, don ya taɓa faɗowa ɗakina a Kano ina tsaka da jin faifan farko, ya fita yana salati. Saboda haka tun a ranar da na sauka ya kafa mini sharaɗi ɗaya, ya ce garin nan ba wurin kiɗan aljanu ba ne, in bar shi a filin jirgi. Na sa hannuna cikin nasa na yi alkawari. Wata uku na riƙe shi. Daga nan na fara saka masu sanyin nan a kunne in ina tuƙi ni kaɗai, ina ce wa kaina ai ba waɗannan Baffa yake nufi ba, masu ihun yake nufi. Kun ga waƙoƙin da na fi rainawa su suka zama ƙofar da na bi na karya alkawari.

A shekarar da nake ba ku labari, faifansu na bakwai ya fito ana saura kwanaki kaɗan a hau Arfa. Na sauke shi a wayata wata rana da na kai abinci wani masauki a Misfala, amma aiki bai bar ni na saurara ba, ban kuma karanta abin da ake cewa a kansa ba. Me zan karanta? Na riga na yanke musu hukunci, na san fiyano ne zai ƙaru.

Aikin Baffa a Arfa shi ne yawo tsakanin tantuna da lasifika rataye a kafaɗa, yana sanar da rabon abinci da ruwa da Hausa, saboda yawancin tsofaffinmu ba sa jin Larabci. Alhazai na ƙaunarsa, shi ma yana ji da aikin nan fiye da komai. Da safiyar ranar ya ce in haɗa wayata da lasifikar ta bulutut in sa talbiyya, tsofaffi su riƙa bi. Na haɗa, aka yi, aka gama, na manta ban cire haɗin ba.

Bayan an haɗa azahar da la'asar mun gama rabon abincin rana, wuri ya yi tsit sai gunjin addu'a. Baffa ya zauna a tsakiyar babban tantin tsofaffi, maza a gefe, mata a bayan labule, lasifikar a kunne kusa da gwiwarsa don zai ja musu addu'a. Ni kuma na zagaya bayan motata, taku kaɗan daga tantin, gajiya ta gama da ni. Har yau ina mamakin yadda zuciyata ta raya mini abin da na yi a irin wannan wuri, a irin wannan sa'a da mutane suka sayar da gona da shanu don su riske ta. Na ce waƙa ɗaya kawai, mai sanyi, in huce. Na sa iyafis a kunne na danna. Ban ji komai ba. Na ɗauka a hankali ta fara kamar yadda suka saba, sai na ƙure ƙarar har ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ba daga kunnena ya fito ba, daga tsakiyar tantin ya fito. Wani irin ihu ne ya tsaga wurin, jita da ganguna suka rufto a bayansa kamar gini ya rushe. Ashe sun koma kiɗansu na farko, har ya fi na da muni. Abin da na shekara goma ina roƙon su dawo da shi, ranar suka dawo mini da shi. Wayar ta suɓuce mini ta shige ƙarƙashin mota, na kwanta a ƙasa ina lalube, ina jin salati da kururuwa suna tashi. Wani ya ce wuta, wani ya ce tukunyar gas ce ta fashe, tsofaffi suka yi ƙofa a guje suna tattake juna. Kafin Baffa ya gano madannin kashewa, labulen mata ya faɗi, wata tsohuwa tana ƙasa riƙe da hannunta, ya karye a wuyan hannu.

Mushrif, wato mai kula da ma'aikatan sansanin, ya iso idonsa jawur yana tambayar wayar wane ne. Ina laɓe a bayan mota ina ji, wayar tana hannuna. Na tuna iƙamata, na tuna matata da ke jiran in ɗauko ta daga Kano, na ƙi fitowa. Ya sake tambaya har sau uku. Sai na ji muryar Baffa a nutse yana cewa lasifikar a hannunsa take, duk abin da ya fito daga cikinta shi ke da alhaki. A take aka karɓe ta daga kafaɗarsa a gaban mutanen da ya shekara ashirin yana yi wa hidima. Bayan aikin hajji aka mayar da shi sito, wajen jidar kwalaye.

An kai tsohuwar asibitin da ke cikin Arfa, don haka hajjinta bai ɓaci ba, amma a kan gado rana ta faɗi mata. Kwana biyar bayan nan na kai abinci masaukinsu a Misfala, na nemi ɗakinta na gaishe ta. Ta karɓe ni da fara'a tana kira na ɗanta. Ta ce ita wallahi ta zaci ƙaho aka busa, har ta yi shahada. Sannan ta kwance bakin mayafinta da hannu ɗaya ta nuna mini wata 'yar takarda da ta sha ninki, sunayen mutanen ƙauyensu ne da suka ba ta saƙon addu'a, jikarta ta rubuta mata. Ta ce wata maƙwabciyarta a tanti ke karanto mata tana roƙa musu, ko rabi ba su kai ba abin ya faru, kuma ba ta san me za ta ce wa sauran ba in ta koma. Ta ƙara da cewa in na ga tsohon nan mai lasifika in gaya masa ta yafe masa. Na ce to, Inna. Ban gaya mata ni ne ba, na fito.

Ranar na samu Baffa a gida bayan la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai. Bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce tun ihun farko ya gane, ai ya taɓa jin irinsa a ɗakina. Ya ce kiɗan bai ƙona masa rai ba kamar yadda nake zato, kuskure ne, kowa na yi. Abin da ya tsaya masa shi ne duk sau ukun da mushrif ya yi tambaya, shi wajen motar yake kallo, yana jiran ya ga na fito. Washegari na je na gaya wa mushrif gaskiya, ya kalle ni ya ce halas, magana ta wuce, an riga an ba wani lasifikar. Na koma masaukin tsohuwar, aka ce jirginsu ya tashi. Shekara na zagayowa Baffa ya ajiye aiki ya koma Kano.

Ban ƙara jin ko daƙiƙa ɗaya ta faifan nan ba, ban san yadda waƙar ta ƙare ba. Ba na ɗora wa mawaƙan laifi, su sana'arsu suke, yau su yi zafi gobe su yi sanyi. Ni ne na ɗauki alkawari na yi ta yanka shi ƙanana ina cewa wannan ɓangaren ba ya ciki. Ina kira ga 'yan'uwana matasa, musamman masu aiki a wannan gari: in ka yi wa wanda ya tsaya maka alkawari, kada ka nemi ƙofar baya. In kuma ta riga ta ɓaci, fito tun a tambayar farko. Ni na fito bayan kwana biyar, kuma har yau akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ban san sunansa ba, wadda ta yafe wa mutumin da bai yi mata komai ba.