Mai Zare Dama

Shekara tara muna ɗaki ɗaya da Yaya Guixiang a Dongguan, gadonta a ƙasa, nawa a sama. Ba uwarmu ɗaya ba, zama ne ya sa ta zama yayata. Guga take yi a masana'antar riguna, ni kuma ina sa maɓalli. Hannunta na dama har ya fi na hagu kauri saboda dutsen guga.

Ni ba ni da inda nake zuwa hutun sabuwar shekara. Iyayena sun rasu, ƙauyenmu kuma an tashe shi. Idan gari ya watse, masu abinci suka rufe, sai in dafa taliya in ci a kan gadonta. Ita kuwa duk shekara sai ta tafi ƙauyen mijinta a Hunan, ko da yake babu kowa a gidan. Mijin ya rasu, ba su haihu ba. Takan buɗe gidan ta share, ta liƙa takardun fatan alheri a gefen ƙofa, ta kwana biyar ta dawo.

A wajensu, gidan da aka yi rasuwa ba ya ganin jar takarda sai an cika shekara uku. Shekarar farko ta liƙa fara, ta biyu koriya, ta uku ruwan ɗorawa. Bana ce shekarar ja.

Tun saura wata biyu ta fara shiri. Ta je wurin wani tsoho mai rubutu a ƙarƙashin gada, ya rubuta mata dogaye guda biyu. Da yake ba ta iya karatu ba, sai ta sa ya nuna mata ta dama, ta soka mata baƙin zare a kusurwa.

"Shufen, ki riƙe da kyau, mai zare dama. In na juya su, Baba Kuang zai yi ta yi mini dariya har kaka."

Baba Kuang wan mijinta ne.

"To ni ina ruwana, Yaya? Ƙofarki ce."

"Wa zai riƙe mini tsani? Bana tare za mu tafi."

Na ce ban saba kwana gidan mutane ba.

"Ji ta. Shekara tara tana yi mini minshari a ka, yau ta zama mai kunya."

Ta sayo mana tikitin jirgin ƙasa, kujera biyu a jere. Kullum da abin da take ƙarawa: a wanke bargo, a rage gashi kafin shekara ta shiga, a sayi lemu, a sayi kifi babba, don dole a ci a rage, shekara ta zo da yalwa. Ta saya mini jar safa, ta ce ƙafafuna kamar na gawa suke da sanyi.

Saura kwana goma sha ɗaya, da hantsi, ta faɗi a gefen teburin guga. Ba a kai da ita asibiti ba. Aka ƙona gawarta yadda ake yi a nan, Baba Kuang ya zo ya tafi da tokar.

Ranar tafiya na ɗauki takardun na shiga jirgi. Wani mutum mai bokiti ne a kujerarta, ya yi ta barci har muka isa.

Na tarar an riga an liƙa fara a ƙofar. Da na warware jajayen, Baba Kuang ya daɗe yana kallonsu.

"'Yata, mayar da su jaka. Gidan nan ya koma farko."

"Shekara uku tana jiran ranar nan, Baba."

"Na sani. Amma in mutane suka ga ja, za su ce ba a yi makokinta ba. Ita ma ai ba ta da mai yi mata sai mu."

Gaskiyarsa ce. Na fara naɗewa, hawaye yana ɗiga a kan rubutun, ina gogewa da hannun riga. Sai ya miƙo mini mabuɗi da kwanon ƙullun da ya liƙa fararen da shi.

"Waje dai na mutanen gari ne," ya ce. "Ni zan je in duba kajina. Zan daɗe."

Cikin gidan sanyi, ga warin tsohon hayaƙi. Na turo ƙofa na rufe, na jawo benci, don babu mai riƙe mini tsani. A nan na tsaya turus. Damar waje ita ce hagun ciki, to wacce ta nufa? Na juya zan tambaye ta, sai na ga hotonta kusa da na mijinta, tana kallona kamar za ta ce, ji ta.

Na liƙa mai zaren a damana, wajen hannunta mai kauri. Ban cire zaren ba. Na dafa kifin da na sayo a hanya, na zauna ina fuskantar ƙofa da jar safata, na ci rabi na rage.