Golan da Ba Ya Yi wa Babba Tsawa

Shekara ashirin ke nan da muka ɗauko Sakatare daga babban asibitin Camberwell muka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina, tunda yabo ba ya ƙara wa mamaci komai. Bana kuwa shirun ya gagare ni, domin watan ya same ni ina gaba da 'yarsa, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai shi.

Ga abin da ya haɗa mu. Zainab, 'yar tasa da aka haifa a nan London, ta ce in rage mata hanya daga kasuwar Lewisham. Muna tafe wata mata ta turo keken jariri kan titi, daidai inda masu ƙafa ke tsallakawa. Ni dai ban gan ta ba. Tsawa kawai na ji a kunnena, "Baffa, stop!" Na taka birki, motar ta tsaya gab da keken. Da Zainab ta tsaya a nan, da na gode mata. Amma sai ta fito, a bakin titi, a gaban jama'a, ta hau ni da faɗa da Turanci. Ta ce idona ya tafi, kowa ya sani, in ba ta makulli. Yarinyar da aka raɗa wa suna ina zaune a wurin! Ban ba ta ba. Na kai ta gida, kuma tun ranar ban ƙara ɗaga wayarta ba. Motar ta ci gaba da zama a ƙofar gidana, makullin a aljihuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan "kowa ya sani". Sai da na zauna na tuna cewa tun bara abokan masallacinmu duk suka kamu da son tafiyar ƙasa. In na ce wa mutum ya shigo in sauke shi, sai ya ce, "A'a Alhaji, likita ya ce in riƙa ɗan takawa." Har da wanda ke dogara sanda. Ashe tsoron tuƙina suke yi, kuma ba mai iya gaya mini, saboda yanzu ni ne babba a cikinsu. Ban ga laifinsu ba. Ni ne mutum na ƙarshe da zai ga laifinsu, kuma Sakatare ya san dalili.

Mun haɗu da shi ne a shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya a gida, gwamnatocin jihohi na turo mu kwas kamar ana lodin gyaɗa. Ni yaro ne ɗanye, ko gemu ban tara ba. Shi kuwa magidanci ne, mataimakin sakatare a wata ma'aikata, ya ba ni shekara goma sha wani abu. Daga nan sunan Sakatare ya bi shi. Sunansa na yanka sunan mahaifina ne, don haka ban taɓa kama shi da bakina ba, ko a nan ma ba zan rubuta shi ba. Baba nake ce masa. Shi ya samo mini ɗaki kusa da nasa a Camberwell, matarsa ce ke ajiye mini tuwon semo, shi ya koya mini yadda ake zura kwabo a mitar gas kada sanyi ya kashe ni.

Sanyin farko ya kusa mayar da ni gida. Gari ya yi duhu tun la'asar, karatu ba ya shiga, ba mai gaishe ka a hanya. Abin da ya riƙe ni shi ne ƙwallon ranar Laraba. Kwalejinmu tana da ƙungiya, kuma masu tsaron bayanta kusan duk mu ne 'yan Arewa: ni a raga, Sakatare a lamba biyar, sai Bitrus, wani ɗan Jos sa'ana wanda ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, da wasu biyu. Kocinmu malamin lissafi ne, Bature, muna ce masa Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. A filin nan kaɗai nake jin ni ma wani ne a garin nan. Sakatare kuwa lamba biyar ɗin nan ita ce sarautarsa. Ƙafarsa ta fara nauyi, amma in ƙwallo ta taso sama, kansa ne zai same ta.

Dabarar Mai Lofe ita ce tarkon satar gida: 'yan baya su tsaya a jere, su fita gaba tare, su bar ɗan gaban abokan karawa a baya. Wannan tarko da baki yake aiki, kuma bakin na gola ne, domin shi kaɗai ke ganin bayan kowa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa tsaron raga ba.

Ranar da nake son ba da labari, da ɗaliban likitanci muka kara, a wani fili da ya zama taɓo tsantsa. Suna da wani dogon ɗan gaba mai jan gashi. Ba a daɗe da farawa ba aka ɗago ƙwallo daga gefe. Tawa ce, na fito in kama. Abin da ake so in yi shi ne in daka tsawa in ce a bar mini. Amma wanda ke gabana Baba ne. Na ja birki don kada in bangaje shi, shi kuma ya ji motsina ya sunkuya don ya bar mini, ƙwallo ta ratsa tsakaninmu, mai jan gashi ya tura ta raga. Ta biyun ta fi ciwo. Ina kallon mutumin ya zagayo ta bayan Baba a hankali, ina ganinsa sarai, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, da za a ɗan duba baya." Kafin in kai ƙarshen ladabina, ina tsamo ƙwallo daga raga.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Mai Lofe ya cire lofensa, abin da ba mu saba gani ba. Ya nuna ni da shi, ya ce gola bebe ba shi da amfani a wurinsa, in ban buɗe baki ba a zagaye na biyu, Laraba mai zuwa kada ma in wahalar da kaina zuwa. Ya ce in kira sunan mutumin, in yi masa ihu, ai ba sarki ba ne. Na sunkuyar da kai ina tsotsar ɓarin lemo, hawaye na neman zubowa. Na riga na san in aka cire ni daga raga, ba zan kai ƙarshen sanyin nan a London ba.

Sakatare ya ja mu gefe, ya koma Hausa.

"Ka ga mutumin da ya zagayo?"

"Na gan shi, Baba."

"Me ya hana ka magana?"

Bitrus ya tuntsire da dariya ya ce, "Yallaɓai, ai kai ne ubansa. Ta ina zai fara?"

Na zaci zai ce ya yafe mini, in yi masa tsawa ba komai. Da wani ne, abin da zai ce ke nan, kuma da ba ta yi aiki ba, domin hali zanen dutse ne, ba a kankare shi a hutun rabin lokaci. Sai ya yi ɗan tunani, ya ce a bar tarkon satar gida. Bitrus ya dawo tsakiya ya riƙe mai jan gashi, shi kuma zai koma bayan kowa, ya zama mai shara, inda zai riƙa ganin abin da nake gani. Sannan ya dube ni.

"Duk abin da kake son gaya mini, ka gaya wa Bitrus. Da ƙarfi. Ina da kunne."

Bitrus ya ce, "Wato a bar jaki a daki taiki ke nan."

"Kai ne taikin," in ji Sakatare, ya tafi ya shawo kan Mai Lofe.

Ban taɓa yin ihu a rayuwata kamar na zagayen nan ba. "Bitrus, hagunka, makaho!" Sai in ga Baba ya matsa hagu. "Bitrus, bar ta, tawa ce, sakarai!" Bitrus yana can nesa da ƙwallon, Baba ne ke kaucewa in cafke. Turawan suka rasa gane me wannan bawan Allah ya yi mini, har alƙalin wasa ya zo ya ja mini kunne. Dogayen ƙwallayen da suke jefowa bayanmu duk suka koma faɗawa ƙafar Baba, mai jan gashi kuwa Bitrus ya manne masa kamar kaska. Ba su ƙara cin mu ba. Mu ma ɗaya kawai muka rama, aka tashi sun yi nasara, amma na fita daga filin muryata a dishe, raga kuma tana hannuna.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne abin da Baba ya sadaukar. Mai Lofe ya ga Bitrus a tsakiya, ya ga yaro mai gudu wanda gola ke iya yi wa ihu, bai kuwa yarda da mai shara ba, tarkonsa yake so. Kafin sanyi ya wuce, lamba biyar ta koma wa Bitrus, Sakatare ya koma bakin layi da babbar kwat yana riƙe mana lemo. Mutumin da ya yi shekaru a ofis ya san abin da ke faruwa idan ka nuna wa shugaba cewa aiki na tafiya ba da kai ba. Ya sani tun yana tsara mu. Na taɓa ɗauko maganar bayan shekaru, sai ya ce gwiwarsa ce dama ta gaji, ya canza zance.

Sauran labarinsa irin na da yawa daga cikinmu ne. Ya koma gida da takardarsa ya bar iyalinsa a nan, ya yi aiki, kuɗin man ya janye kamar ruwan rafi da rani, aka rage ma'aikata, ya dawo London da furfura ya kama aikin gadi. Ni ban ma koma ba. Kwas na shekara biyu muka zo yi. Bitrus ya koma Jos, muna gaisawa a waya jefi-jefi, kunnensa ya yi nauyi, yanzu ihun da nake yi masa na dole ne.

Nakan tambayi kaina me Sakatare zai ce da ya ga zamanin nan. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai son a girmama shi. Ya sha yin ƙorafi cewa yaran da muka haifa a nan suna gaida mutum a tsaye, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci, su kalli tsakiyar idonka. Da yana bakin titin Lewisham ranar nan, na tabbata ransa zai ɓaci, zai ce wa Zainab ba haka ake yi wa babba magana ba. Amma na san shi. Bayan ya gama faɗan, ni zai ja gefe, ya tambaye ni ko na ga matar da keken. In na ce ban gan ta ba, zai tambaye ni wa ya gan ta.

A nan na gaji da gardama da shi, domin ko yana da rai ban taɓa cin sa ba. Mu an yi mana tarbiyyar da ta sa muna ganin haɗari na tunkarar babba mu tsaya neman kalma mai laushi. Ina son tarbiyyar nan, da ita zan mutu, amma na tsamo ƙwallo daga raga saboda ita. Abokan masallacina suna nan inda nake a zagayen farko, ga shi ba su da Bitrus. Zainab ba ta da wanda za ta daka a madadina, kuma tsakanin motata da keken babu wurin "da za a ɗan duba". An ce babba juji ne. Na sha faɗin haka ga wasu, ban san ɗaukar sharar da zafi haka ba sai da aka zuba a kaina.

Idan na auna abin da ya rage na Sakatare, ba shi da yawa. Bai bar gida a Kano ba, kwalejin ma an haɗe ta da wata, filin an yi gine-gine a kai. Abin da ya bari shi ne abin da na gani da idona lokacin idon na gani: babban da ya lura girmansa ya toshe bakin na ƙasa da shi, bai tsaya jiran yaro ya yi rashin kunya ba, ya matsa da kansa, ya bar wurin da ya fi so.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa addu'ar shekara a gidan Zainab a Thamesmead. Mai mota ba ya sanin nisan wurin. Bas biyu na hau, na tsaya a iska ina jiran ta biyun, gwiwoyina suna ba ni labari. Da ta buɗe ƙofa sai ta leƙa bayana, ta duba inda na saba ajiye motar.

"Baffa, da bas ka zo?"

"Da bas na zo."

Sai matar nan da ta kusa hamsin, wadda ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa ba, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, da Hausarta mai tsami, "Sannu da zuwa." Na miƙa mata makullin, na ce ta tashi, sanyi na shiga gidan.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Mu da muka rage, Allah Ya bar mana mai yi mana tsawa.