Ƙasusuwa a Gidanmu na Dosara

Na koma karatu ina da 'ya'ya huɗu, babbar cikinsu ta kusa gama sakandare. Makarantar koyon aikin lafiya ce na shiga, ina zuwa daga gidan mijina a Talata Mafara. 'Yan ajinmu yawancinsu na haife su. Malami zai faɗi sunan ƙashi sau ɗaya su kama, ni kuwa in maimaita shi tun daga aji har gida, in ɗora tukunya, in waiwaya in tarar ya gudu. Na kan tsaya da muciya a hannu ina laluben kalmar da ɗazu-ɗazu take bakina. Abin ya hana ni sukuni. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san abin da na tashi ɗaukowa ba. Yara suka fara lallaɓawa idan sun gan ni da littafi.

Da na faɗi gwajin farko, sai na hau mota zuwa Bakura wurin yayana, wanda yake karantar da fiƙihu a zauren gidansa. Niyyata in ce masa na haƙura da karatun. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya tambaye ni ko zan iya faɗa masa abin da ke hannun dama idan mutum ya shiga gidanmu na Dosara. Na ce randar baƙi. Bayanta fa? Na ce turken jakin Baba, sai rijiya, sai bishiyar lemun tsami. Ban ko yi tunani ba.

"To kanki lahiya lau yake," in ji shi. "Kin dai zuba kaya ne ba ki ba su wurin zama ba."

Ya ce haka shi ma ya riƙe sharuɗɗa da rabe-raben hukunci lokacin da yake ɗalibi. Kowane abu sai ya mayar da shi hoto, wanda ya fi ban dariya ko ban mamaki, ya ajiye shi a wani wuri da ya sani kamar tafin hannunsa. Idan yana nema sai ya bi wurin a zuci, daga ƙofa zuwa ƙurya, yana tsintar kayansa. Ya ce kada in yi ta nanatawa a zama ɗaya har kaina ya ɗau zafi. In bi gidanmu na Dosara a zuci bayan kowace salla, in bar shi ya huta.

A motar dawowa na fara. Ƙashin ƙwauri sunansa tibiya, sai na ga jariri kwance a bakin randar baƙi da ƙatuwar cibiya. Siririn da ke gefensa fibula, na rataye masa fitila a turken jaki. Ƙoƙon gwiwa patela, na durƙusar da tela da kekensa a bakin rijiya yana ɗinki da gwiwa. Na yi dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta matsa. Kafin mako ya zagayo na cika tsakar gida da ƙasusuwa, na shiga madafa da jijiyoyi. Ranar da malami ya jefo tambaya na amsa kafin kowa, ajin duka ya waiwayo yana kallona.

Sai dai yayana bai gaya mini abin da shiga gidan zai tayar ba. Mun baro Dosara ne shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka hana noma, bayan rasuwar Baba da 'yan watanni. Inna ta koma Maradun wurin ƙanenmu, kuma tun daga nan ba ta sake ɗaga maganar gidan ba, mu ma muka bi ta da shiru. Yanzu ga ni ina shiga gidan kullum. Ina neman fitilar fibula sai in ji kukan jaki. Ina wucewa ta madafa sai ƙanshin hocen dawa da Inna ke gasawa ya tare ni. In sallame salla in kasa tashi daga kan tabarma, in tashi kuma in kasa zama. Mijina ya ce karatun ya gyaru amma ni na lalace.

Sannan wurare suka fara ƙare mini. Na zo kan magunguna ina bukatar sababbin lunguna, sai na tarar bayan ɗakin Inna ya yi duhu a kaina. Rumbun gero ne ke fara zuwa ko akurkin kaji? Na tambayi yayana ta waya ya ce rumbu, ƙanenmu ya rantse akurki. Na kasa haƙuri. Wata Asabar na kama hanyar Maradun, ana tsayar da mu a kowane shingen bincike.

Na tarar da Inna tana tsince wake a faifai. Muka gaisa, muka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, muka yi maganar ruwan bana. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na yi tambayar. Hannunta ya tsaya.

"Mi za ki yi da shi?"

Na yi mata bayanin jariri mai cibiya da tela mai ɗinki da gwiwa. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce ashe mun mai da gidan mahaifinmu mahauta. Daga nan ta ajiye faifan, ta ɗauki tsinke ta fara zane a ƙasa. Ta ce yayana da ƙanenmu dukansu sun yi kuskure, turmin da ya tsage ne ke fara zuwa, wanda ta kife take zama a kai. Ta zana rumbu, ta zana akurki, ta nuna inda aka binne cibiyar kowannenmu, da kusurwar da kakarmu ke shanya kuɓewa, da ƙofar baya da ni ban ma san an taɓa yi ba, wadda aka toshe kafin a haife ni. Har la'asar tana magana. Matar ƙanenmu ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce tun da Inna ta zo gidan ba ta taɓa jin ta yi zance mai tsawon haka ba.

Na dawo da lunguna fiye da bukatata. Ɗaki ɗaya ne kawai na yi ta kaucewa, na Baba. Da jarrabawar ƙarshe ta matso, alamomin haɗari ga mai juna biyu suka rage ba su da wuri, dole na tura ƙofar. Na ɗora kumburin ƙafa a kan buzunsa, ciwon kai mai tsanani a kan hularsa da ke rataye, jiri a bakin butarsa. A zauren jarrabawa tambayar ta fito. Na shiga ɗakin, na gan shi zaune yana jan carbi kamar kullum, na daɗe ban rubuta komai ba, har mai sa ido ta zo ta taɓa kafaɗata ta tambaye ni ko lafiya. Na share fuska na rubuta su duka, daga buzu har buta.

Na ci jarrabawar. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Birnin Tudu, kuma idan sababbin ma'aikata suka koka da mantuwa na kan tambaye su gidan da suka tashi. Wasu su yi dariya su gwada, wasu su sunkuyar da kai don su ma an raba su da nasu, sai in ce su ɗauki kasuwa ko hanyar makaranta.

Inna kuwa tun ranar da ta yi zanen nan ba ta daina zancen gidan ba. Duk wanda ya fito daga Dosara sai ta sa an kira mata shi. Bara wani ya gaya mata katangar gabas ta faɗi da damina, amma lemun tsamin yana nan yana 'ya'ya ba mai tsinka. Ta kira ni da sassafe, ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Ki shaida wa yayanki, in hanya ta yi kyau bayan kaka ku kai ni. Ko yini guda ne."

Na ce to, Inna. Kaka ta zo ta wuce hanyar ba ta yi kyau ba. Ta ce mu jira ta bana, kuma ta riga ta sa an saya mata sabuwar tsintsiya ta sharar gidan.