Bokitan da ba su san layi ba

Muna layin rijiyar burtsatse a Samaru, shekarun dubu biyu da ɗoriya, famfo ya daɗe bai ɗiga ba, sai ga motar wata Hajiya, matar babban malami a jami'a. Ta ce gobe mata za su yi zanga-zangar ruwa har Sabon Gari, kowacce ta ɗoro bokitinta wayam a ka.

Bokitaina biyu ne, kuma su ke riƙe min wuri a layi. In na ɗauke su, ranar ko ruwan alwala babu a gidana.

Maƙwabciyata Maman Ngozi ce ta ce, "Hajiya, bokitanmu suna bakin aiki fa. Naki na gida me suke yi?"

Hajiya ta fashe da dariya. "Wallahi zaman banza, muna da tanki."

Washegari ta ciko mota da su. Da nata muka yi tattakin, namu suna tsaron layi. Na dawo na tarar an kusa zuwa kaina, na ɗebi ruwana, na wanke nata na mayar, tunda aro ne.

Sau tari wadda abin ya fi damu ita ce ba ta da sararin fita. 'Yan uwa, ku wa ya taɓa ara muku bokiti?